Reshen da Na Yanke da Hannuna

Ranar kasuwar da ta wuce ina zaune a rumfar wani abokina mai sayar da igiya a Batsari, sai ga wata a-kori-kura ta tsaya ana sauke buhunan lemo. Mai kayan matashi ne, ba zai wuce sa'an autana ba. Na ce masa, “Samari, ya ka baro mutanen garin lemo?” Sai ya yi dariya ya ce shi bai taɓa zuwa ba. Waya yake bugawa a yi masa lodi, direba ya taso jiya ya iso yau. Shekara da shekaru yana cin abinci da lemo, amma bai taɓa tsayawa a ƙarƙashin bishiyarsa ba, bai san ƙamshin furenta ba, bai san hannun da ya dasa ta ba. Ban ga laifinsa ba, sauƙi ne Allah ya kawo wa zamaninsu. Amma na koma gida zuciyata cike da tunani, domin ni sau biyu na je garin nan a ƙuruciyata, kuma zuwan farko da na biyu ba mutum ɗaya ne ya yi su ba.

Lokacin da muke tasowa a ƙauyenmu, can tsakanin Batsari da Safana, lemon zaƙi abin dubiya ne. In ka ga magidanci ya dawo daga kasuwa da lemo biyu a aljihu, sai ka tambaye shi wa ba shi da lafiya. Inna takan raba guda ɗaya gida huɗu, mara lafiya ya sha uku, ragowar mu yara mu tsotsa bi da bi, ɓawon kuma ta shanya a kan danga don hayaƙin korar sauro. Abin da muka sani shi ne gero da dawa da gyaɗa a tudu, sai dankali a fadama. Mahaifinmu, wanda muke kira Baba, yana da garka a bakin rafi, da jigo ake ba ta ruwa. Jigon nan doguwar sanda ce da aka ɗaura wa dutse a gindi, guga a baki, ka ja ta ƙasa ta ɗebo, dutsen ya ɗaga maka ita sama. Kukansa ake fara ji da safe kafin a ji na turmi, kuma daga cikin gida Inna tana gane wa ke ja. In kukan ya yi tsawo a natse, Baba ne. In ya yi sauri yana katsewa, ni ne, ina so in gama in tafi yawo. Yanzu inji ne ke ruri a fadamar, cikin awa ɗaya ya yi abin da muke yini muna yi, amma duk injinan muryarsu ɗaya ce.

Baba mutum ne mai ƙarancin magana, kuma a sha'anin noma ba a ja da shi a ƙauyen. Har yau ina jin muryarsa a bayana in gero ya tsiro mun sunkuya muna rage shi a rami. Cewa yake mu bar masu ƙarfi biyu ko uku, mu tumɓuke raunanan, kada mu tsaya tausayi. A kan wannan ya tarbiyyantar da mu, ni da yayana, kuma rumbunsa bai taɓa ƙaryata shi ba.

Shekarar da na yi aure, bayan an gama kaka, Kawu ƙanin Inna ya ce in raka shi fatauci. Albasa da wake yake kaiwa kudu a babbar mota mai bodin katako, ya dawo da lemo. Kwana uku muka yi a hanya, ni ina saman buhuna. Ina kallo ƙaya ta ƙare, ciyawa ta fi mutum tsawo, bishiyoyi suka haɗe kai. Muka tsallake wani kogi da na ɗauka ba shi da ɗaya gaɓar. Tun kafin mu shiga garin hancina ya gaya mini mun zo. Wani ƙamshi ne mai sanyi gauraye da tsamin abin da ya ruɓe, ya cika iska, ya kama riga. Gari ne na manoma, gidajen ciyawa a warwatse, kuma ko'ina ka juya lemo ne: a bayan gida, a gefen makaranta, layi-layi har kan tudu. An tsiba shi a bakin titi kamar yadda muke tsiba gyaɗa a masussuka. Mata na zaune suna feraye shi da 'yar wuƙa, ɓawon yana saukowa a murɗe bai tsinke ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aladu da na gani suna cin waɗanda suka faɗo, suna tattake saura. Na tuna kason Inna na gida huɗu, na ji kamar in sauka in kore su.

Washegari na fara nuna ƙauyancina. Kawu ba a buhu yake saye ba, gona yake shiga ya zagaya, ya sayi 'ya'yan tun suna sama, sannan a sa masu tsinka. Da muka shiga gonar na ga duk lemon kore ne shar, sai na ja shi gefe na raɗa masa cewa za a cuce shi, ɗanye ne. Kawu ya miƙa hannu ya tsinko ɗaya, ya yanke kan ya ba ni. Ruwan ya gangaro mini har gwiwar hannu, zaƙinsa kuwa ban taɓa jin irinsa ba. Ya ce, “Nan ƙasar ba da launi ake gane nuna ba. Ka riƙa kallo kafin ka yi magana.” Na ji shawarar, amma ban ɗauke ta ba.

Kwana tara muka yi ana tsinka ana ɗurawa. In rana ta yi, aiki ya lafa, sai in riƙa zagaye. A gefen gonar akwai wata rumfar ganyen kwakwa, ƙarƙashinta an jera ƙananan dashe ɗaruruwa, wata dattijuwa tana zaune a kan kututture a tsakiyarsu da 'yar wuƙa a hannu. Uwar mai gonar ce, kowa Mama yake ce mata. Hausarta ta kasuwa ce, wajen fatake ta koya. Kwana biyu ina tsayawa daga nesa ina kallonta, a na uku ta ɗago kai.

“Ɗan Hausa, kai manomi ne ko ɗan kallo?”

Na ce, “Manomi ne, ɗan manomi.”

Ta ce, “To zauna ka ga noma.”

Maganar ta sosa mini rai, amma na zauna. Ta nuna mini cewa duk dashen nan ba lemon zaƙi ba ne, wani irin lemo ne mai tsami da kaushin baya wanda ba mai sha, sai dai saiwarsa tana jure ƙishi da cuta. Ta ɗauko ɗan reshe da aka yanko daga bishiya mai zaƙi, ta fere ido ɗaya daga jikinsa, wato ɗan ƙullin nan da toho ke fitowa, irin na jikin rake, bai kai farce ba. Ta tsaga ɓawon dashen, ta zura idon a ciki, ta naɗe da zirin leda. Fatakenmu aure suke ce wa wannan aiki. In idon ya kama ya yi toho, sai a datse kan mai tsamin, bishiya ta tashi ƙasanta tsami samanta zaƙi. Sai ta jawo wani da ya riga ya kama, ta kamo babban yatsana ta ɗora a kan tabon da ke jikinsa, ɗan kumburi ne kamar taƙi ɗaya daga ƙasa.

Ta ce, “Na ƙasa yana da ƙarfi, amma ɗansa ba ya shawuwa. Na sama rago ne, amma shi ne mai zaƙi. Kullum na ƙasa zai so ya fito ya kashe na sama. Duk reshen da ya fito ƙasa da tabon nan, ko ya fi kyau, cire shi. Ka ji?”

Sau uku ta maimaita, sau uku na gyaɗa kai. Na ji ta sarai, babu kalmar da ta wuce ni. Amma a cikin raina dariya nake yi, wai yau ni ɗan Baba mace ce ke koya mini yadda ake rage shuka. Duk da haka sha'awar abin ta riga ta kama ni. Kawu ya ba ni rabin buhun albasa ladan rakiya, na ɗauka na kai mata, ta zaɓo mini dashe goma masu aure, ta ƙara biyu kyauta. Na rungumo su a saman mota har gida.

Na roƙi Baba ya ba ni kusurwar garka da ke daf da jigo. Yaya ya ƙi, kuma yana da gaskiyarsa. Dankalin wannan kusurwa shi ke riƙe gidanmu in bazara ta yi tsanani rumbu ya ja baya, ga shi yanzu an ƙaru da bakin matata. Baba ya saurare mu duka, ya daɗe yana kallon dashen, sannan ya ce, “Na ba ka damina biyar. In ta biyar ta wuce ban sha lemo ba, a sa gatari, wuri ya koma dankali.” Ba a ƙara magana ba, domin Baba ba ya faɗa sau biyu.

Ranin farko na zama bawan jigo. Ni da ake kora zuwa garka, sai ga shi ana aikowa a kira ni cin tuwo. Dashen suka kama, suka fara sabon ganye. Sai wata rana da bazara guguwa ta kayar da shingen, awakin gari suka shiga, kafin in zo sun cinye ganyen sun ɓalle kawunan, sai tsinkaye a tsaye. Na gyara shinge na ci gaba da ban-ruwa, raina a ɓace. Bayan mako uku suka farfaɗo, kuma kowanne ya fito da toho iri biyu. Daga ƙasan tabo rassa ne kore shar masu ƙaya, suna tsawo kamar ana jan su. Daga saman tabo kuwa ɗan toho ne guda, ɗan siriri, ganyensa fari-fari kamar mai jinya.

Ina tsugune ina kallonsu Baba ya iso, Yaya na biye da shi da fartanya a kafaɗa. Baba ya duƙa ya duba ɗaya, ya duba na biyu.

“Mi kake jira? Rage su mana.”

Na ce, “An ce mani na ƙasan ake cirewa.”

“Wa ya ce?”

Na ɗaga ido na ga Yaya yana murmushi. Amsar tana bakina, amma na kasa cewa wata tsohuwa ce a ƙarƙashin rumfa ta gaya mini. Na san in na faɗa, kafin magariba labari ya kai dandali, a ce na je kudu mace ta koya mini noma. Sai na ce, “Mutanen can.”

Baba ya ce, “Mutanen can sun san ranarmu? Dubi wanga, ko bazara guda ba ya kaiwa. Ina ka taɓa ganin an tumɓuke mai ƙarfi an bar rago?”

Gaskiyar magana, idona ma tare da Baba yake. Duk abin da aka koya mini tun ina yaro cewa yake mai ƙarfin za a bari. Baba bai tilasta ni ba, faɗar ra'ayinsa ya yi ya wuce wajen albasa. Ni na zaro wuƙa daga aljihu, na bi su ɗaya bayan ɗaya, na yanke ɗan tohon sama a dukan goma sha biyun.

Daga nan bishiyoyin suka yi ta girma ba ƙaƙƙautawa, har na shawo kan zuciyata cewa tsohuwar ce ba ta san ƙasarmu ba. Masu wucewa zuwa kasuwar Safana sukan tsaya su leƙa ta kan shinge. Makiyaya in sun kawo shanu rafi sukan tambayi sunan bishiyar. Na fara tafiya da wani irin taku, matata tana tsokanata wai tun ban sayar da ko ɗaya ba na fara zaɓen hula. A damina ta huɗu suka yi fure, ƙudan zuma suka cika garkar da ƙugi. A ta biyar suka yi 'ya'ya manya-manya, bayansu da kaushi da ƙuraje. Na ga kaushin nan, na tuna lemo mai tsami na tsohuwar, amma na ce wa kaina wataƙila ruwanmu ne ya sa. Ban ɗanɗana ba. Ina jin tsoro ne ya hana ni, amma a lokacin cewa na yi ladabi ne, Baba ya kamata ya fara.

Bayan la'asar na kai masa mafi girma a ciki, yana zaune a ƙofar gida da abokansa dattawa. Ya karɓa ya yi bismilla, ya yanke kan, ya kai baki. Na ga idonsa ya rufe, jijiyar wuyansa ta miƙe. Bai tofar ba, ya haɗiye, ya ajiye sauran a gefen tabarma, ya goge wuƙarsa. Wani daga cikin dattawan ya ɗauka ya lasa, ya yi salati, ya ce wannan ko jaki aka ba sai ya yi ƙara wajen mai gari. Aka yi ta dariya. Daga ranar sunana ya koma Mai Tsami. Mata suka riƙa aikowa a ba su don wanke tukunya da sa wa kunu tsami, suna godiya da gaske, godiyar kuwa ta fi dariyar ciwo. Shekara biyar na jan jigo, shekara biyar gidanmu yana bazara ba dankalin kusurwar nan. Na ji kunyar Yaya fiye da ta kowa, domin shi bai yi dariya ba ranar, tashi ya yi ya shiga gida.

Da aka gama kaka Baba ya ce wa'adi ya cika. Na same shi shi kaɗai yana gyaran igiyar guga, na durƙusa na gaya masa abin da na ɓoye shekara biyar: cewa mace ce ta koya mini, ta ja mini kunne sau uku, kuma kunya ce ta hana ni faɗa ranar da ya tambaye ni. Na roƙe shi a jinkirta gatari har motar Kawu ta je ta dawo. Bai ɗago ba, bai ce na yi daidai ko na yi kuskure ba. Ya ƙulla igiyarsa ya ce, “Tahi ka dawo.”

A tafiya ta biyu ban kalli daji ba, ban kalli kogi ba. Lemo uku masu tsami ne a aljihuna, kuma addu'ata ɗaya, Allah ya sa tsohuwar tana raye. Na same ta a rumfar nan, a kan kututturen nan, ta ƙara rama, gashinta ya yi fari fat. Ba ta gane ni ba sai da na ambaci albasa. Na fito da lemon na ajiye a gabanta. Ta ɗauka ta juya shi, ta dube ni, sai ta fashe da dariya har da hawaye, ta kira maƙwabtanta mata da yarensu su zo su gani. Na sunkuyar da kai na bari suka gama, domin na san na ci wannan dariyar da gumina.

Da ta share ido ta ce, “Nawa suka mutu?”

Na ce, “Ko ɗaya.”

“Tsawonsu?”

Na miƙe na ɗaga hannu sama.

Ta ce, “To mene ne na ɓata fuska? Saiwa ta zauna a ƙasarku shekara biyar, rana ba ta kashe ta ba. Abin da ya fi wuya ka riga ka yi. Saura kai kawai za a canza. Amma wannan karon ba dashe zan ba ka ba, hannunka zan gyara.”

Kwana bakwai ta zaunar da ni. Ta ba ni rassan banza in yi ta gwadawa. In na fere ido ya yi kauri, ta jefar. In na taɓa cikinsa mai danshi da yatsa, ta buge mini hannu. In na naɗe leda sakwa-sakwa, ta warware ta ce in sake. Na yanke babban yatsana sau biyu, tabon yana nan har yau. Masu tsinkar lemo suna wucewa suna yi mini ba'a, ban ko ɗaga kai ba. A rana ta shida ta duba wanda na yi, ta ja ledar ta ji ƙarfinta, sai ta miƙo mini dashe na gaske daga cikin nata. Ranar lodi ta shiga gona da kanta ta yanko rassa masu kaurin alƙalami daga bishiyar da ta fi so, ta zage ganyen, ta naɗe su a jiƙaƙƙen ganyen ayaba da tsumman buhu. Ta ce kwana huɗu suke da shi, ba biyar ba. Duk inda mota ta tsaya, kafin in yi alwala sai na fara yayyafa musu ruwan butata. Kawu ya ce ko mai jego ba ta kula da jariri haka.

Ranar da muka iso ban shiga gida ba, garka na wuce. Na bi bishiyoyin ina zaɓen rassa matasa, ina tsagawa ina zura ido ina naɗewa, har na gama da abin da na kawo. Bayan mako uku na kwance ledar. A bishiya bakwai idon yana nan kore, ya manne. A biyar ya bushe ya yi baƙi. Sai aikin da ya fi mini ciwo, domin dole a sare duk kan bishiyar da ke sama da idon don ƙarfin saiwa ya koma gare shi. Na ari gatarin Yaya na kayar da inuwar da na yi shekara biyar ina taƙama da ita, aka bar kututtura tsirara, kowanne da ɗan ƙulli kore a jiki. Baba yana tsaye a kan kunya yana kallo. Yaya ya tambaye shi maganar dankali. Baba ya ce a ƙara mini damina biyu, Yaya kuma ya ɗauki fangalin da Baba ke shuka barkononsa ya sa dankali a ciki. Barkonon nan shi ne abin da Baba ke sayarwa ya sayi goronsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Na san abin da ya bayar, shi ma ya san na sani.

Biyar ɗin da suka ƙi, da shekara ta zagayo na sake yi musu aure da ido daga 'yan'uwansu, ba sai na koma kudu ba. Garkar tana nan har yau. An yi wasu shekaru da tashin hankalin daji ya hana mu zuwa fadamar, muka koma cikin Batsari muka zauna a gidan haya, kullum ina tunanin bishiyoyin nan ba mai ba su ruwa. Da abin ya ɗan lafa muka koma, na tarar kawunansu sun bushe, amma da na kankare ɓawo da farce na ga kore a ciki. Muka sake musu aure, ni da 'ya'yan Yaya. Yanzu matasa suna zuwa daga Ruma da Tsaskiya su ce in koya musu, har da mata biyu da suka yi karatun gona, ɗayarsu hannunta ya fi nawa sauri. Suna zuwa da leda ta musamman da wuƙa ta kanti, suna ɗaukar hannuna hoto a waya. Ba na hana su. Ina jin daɗin ganinsu ƙwarai, domin a ƙasar da aka sha gudu, wanda ya dasa abin da sai bayan shekaru zai ci ya yanke shawarar zama ne.

Amma bari in koma ga damina ta biyun nan da Baba ya ƙara mini. Kafin ta cika ƙarfinsa ya ragu, idonsa ya yi rauni, ya daina zuwa garka. Bishiyoyi bakwai suka yi 'ya'ya kaɗan, ƙanana, kore, bayansu sumul. Wannan karon na ɗanɗana tun a gindin bishiya, na zauna a ƙasa na daɗe ban tashi ba. Da hantsi na kai masa ɗaya a zaure, lokacin da na san ba kowa. Na yanke kan na sa masa a hannu. Ya shafa bayan da yatsa, ya shinshina, ya yi bismilla ya tsotsa. Ya sake tsotsa. Bai bari ba sai da ya matse shi tas, ya juya cikin ya cinye.

Ya ajiye ɓawon a gefe. Can ya ce, “Matar nan tana da rai?”

Na ce, “Kawu ya gan ta bara, tana nan.”

Ya ce, “Kira mani yayanka.”

Da Yaya ya shigo ya zauna, Baba ya ce, “Ranar da aka yanke tohon nan kana wurin. Wuƙa tashi ce, amma magana tawa ce. Ban san icce ba na yi mashi hukuncin gero. Kusurwar nan ta zama tashi.” Sannan ya juyo wajena. “Ka buɗe rumbuna, ba na gandu ba, nawa. Ka fidda dami goma na geron da na keɓe don iri, a sussuke, Kawunka ya kai mata. Ya ce mata wani tsoho a ƙasar Katsina yana gaishe ta, kuma ya ce ta fi shi sanin icce.”

Tunda nake da Baba ban taɓa jin ya ce wani ya fi shi sanin abin da ke tsirowa a ƙasa ba. Yaya ne ya tashi ya ɗauko tsani, ni na hau rumbun.